Yadda Ake Ɗaukar Hoton Murjani Daga Kusa a Tankin Ruwan Gishiri na Gida

Murjanin da ake kiwo a tankin gilashi dabba ne mai rai. Kowane reshe da ka gani taron 'yan ƙananan halittu ne da ake kira folif, kowanne da bakinsa a tsakiya da 'yan yatsu kewaye da bakin. A nau'in Acropora, folif ɗaya bai wuce milimita biyu ko uku ba. Daga inda kake zaune launi kawai za ka gani da siffar reshe. Sai an matso da kyamara sosai, irin ɗaukar da masu sana'ar ke kira makro, sannan za ka ga bakin yana buɗewa, yatsun suna laluben ruwa, da 'yan ɗige-ɗigen launi a fatarsa.

Abin da nake so ka riƙe tun farko shi ne, akasarin hotunan murjani da suka lalace ba laifin kyamara ba ne. Abubuwa uku ne ke tsakaninka da dabbar: gilashi, ruwa, da shuɗin hasken fitilar tanki. In ka shawo kansu, tsohuwar kyamara ma za ta fitar da kai kunya. In ka yi sakaci da su, ko nawa ka kashe a kan kaya hoton zai fito dishi-dishi, shuɗi fal.

Aikin yana farawa tun jiya

Ka goge cikin gilashin da maganaɗisun gogewa kwana ɗaya kafin ɗauka, ka sake bi sau ɗaya awa biyu ko uku kafin ka fara. Dalilin tazarar shi ne gugar tana tayar da gansakuka da datti su yi ta yawo cikin ruwa, kuma a hoton kusa kowane ɓurɓushi fari yake fitowa ƙato. Gansakukar nan mai tauri, mai launin shunayya, da ke manne wa gilashi, sai da reza take fita. Amma in tankinka na roba ne mai kama da gilashi, kada reza ta taɓa shi, karcewa zai yi har abada. Akwai abin kankara na roba da aka yi dominsa.

Ruwan tanki da ya daɗe yakan ɗan yi rawaya-rawaya ba tare da ka lura ba. Ɗebi kaɗan a farin bokiti ka duba. In haka ne, sa sabon gawayin tace ruwa a matatar tankin kwana ɗaya ko biyu kafin ranar. Kada ka ciyar da kifi, kada ka motsa yashi, kada ka sauya ruwa ana dab da ɗauka.

Wajen gilashin kuwa, tsumma mai laushi da ruwan daɗi sun isa, ko a ɗan ɗiga ruwan khal a tsumman in gishiri ya bushe a jiki. Ruwan goge gilashi na feshi bai kamata ya kusanci tankin ba. Haka maganin sauro na feshi, haka turaren wuta. Halittun nan ba su jure irin waɗannan abubuwa, kuma saman tankin a buɗe yake.

Kayan da za ka tanada

Kyamara kowace iri ce, muddin ana canza mata ido, wato gilashin da ke gabanta, kuma tana ajiye hoto a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba. Idon kyamarar shi ne wurin kashe kuɗi. Nemi idon makro na gaske, wanda ke kai girman 1:1, wato abin da yake santimita ɗaya a zahiri ya sauka santimita ɗaya a kan farantin da ke kama haske cikin kyamarar. Masu tsawon milimita 90 zuwa 105 su suka fi dacewa: Canon na da 100, Nikon na da 105, Sony da Tamron na da 90, Sigma na da 105. Na hannu ma ba laifi in ba shi da karce ko fumfuna a ciki.

Ga dalilin da ya sa na fi son wannan tsawon. Ido mai milimita 100 yana kai 1:1 ne idan abin da ake ɗauka yana da nisan kusan santimita 14 ko 15 daga bakinsa. Mai milimita 60 kuwa sai ka matso ƙasa da santimita goma, ga shi gilashi ya tare ka, ba za ka iya shiga ruwan ba. Ruwan ma yana ɗan taimaka maka, domin abin da ke cikinsa yana bayyana kamar ya matso da kashi ɗaya cikin huɗu na nisansa. Murjanin da ke santimita 20 a bayan gilashi, kyamara tana ganinsa a 15. Ke nan da ido mai 100 za ka iya cika hoto da duk abin da ke sahun gaba na tankin.

Wanda bai da kuɗin idon makro yanzu, akwai bututun ƙari da ake sawa tsakanin kyamara da idonta, akwai kuma ƙaramin gilashin ƙara girma da ake maƙalawa a gaba, irin Raynox DCR-250. Suna aiki, sai dai suna tilasta maka matsowa sosai, don haka sai murjanin da ke dab da gilashi za su kama.

Ƙafar kyamara mai ƙafa uku dole ce. Sai murfin ido na roba mai laushi wanda za ka iya danna shi a jikin gilashi, da filta ruwan lemo wadda za mu yi maganarta a gaba.

Tsayuwa: nan ne mafi yawan mutane ke faɗuwa

Kashe fitilun ɗaki, kashe talabijin, ja labule. Sa riga mai duhu. Duk wani haske da ke wajen tankin zai dawo maka a jikin gilashin, har farar rigarka da hasken wayar da ke kan tebur. In lokacin zafi ne a gari irin Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, kada rufe ɗakin ya sa ka kashe abin da ke sanyaya ruwan. Murjani yana son ruwa tsakanin digiri 24 zuwa 27, kuma ruwan ƙaramin tanki ba ya daɗewa yake ɗaukar zafi.

Yanzu ka kafa kyamarar ta fuskanci gilashin kai tsaye, bakin idon da fuskar gilashin su zama a layi ɗaya, babu karkata sama, ƙasa, hagu ko dama. Wannan ita ce doka mafi girma a aikin nan. Haske yana lanƙwasa duk lokacin da ya fito daga ruwa ya ratsa gilashi ya shigo iska, kamar yadda ludayi ke bayyana a karye idan ka tsoma shi a kwanon ruwa. In kana kallo kai tsaye, lanƙwasar ba ta da illa sosai. Da zarar ka karkata, launuka suna rabuwa, kowanne ya bi hanyarsa, sai ka ga gefen kowane folif ya yi layin shuɗi a ɓangare ɗaya, ja a ɗaya ɓangaren, kuma duk juyin da za ka yi wa fokas, wato zoben da ke sa hoto ya fito sarai, ba zai fito tas ba. Gilashi mai kauri ya fi tsananta wannan. Tanki mai lanƙwasasshen gaba kuwa, gara ka ɗauka ta gefensa mai shimfiɗe ko ta sama.

Hanya mai sauƙi ta tabbatarwa: danna murfin robar a jikin gilashi har bakinsa ya zauna ta ko'ina, sannan ka ɗaure ƙafar kyamarar a haka. In murjanin da kake so yana ƙasa, sauke ƙafar gaba ɗaya, kada ka sunkuyar da kan kyamarar. In yana gefe, ɗaga ƙafar ka matsa. Wannan yana cin lokaci, kuma zuciya za ta ce maka ɗan karkatawa kaɗan ba komai. Gwada sau ɗaya, ka buɗe hotunan biyu a babban allo ka kwatanta.

Wani lokaci murjanin ne ya juya maka baya. In ɗan yanki ne da ke kan 'yar matashiyarsa, wato ɗan abin da aka manna shi a kai, ana iya ɗauko shi a ajiye a gaba, a ba shi rabin awa ko fiye ya sake jiki ya buɗe. Wanda ya riga ya kama dutse, bar shi inda yake. Kuma kafin hannunka ya shiga ruwan, wanke shi da ruwa zalla, babu sabulu babu man shafawa, ka sa safar hannu. Nau'in Palythoa da wasu daga cikin Zoanthus, waɗannan masu kama da 'yan furanni da kowa ke son ɗauka, suna ɗauke da guba mai suna falitoksin wadda take cikin mafiya haɗari da aka sani. Tana shiga ta ƙujewar fata, ta ido, ta baki. In za ka taɓa su, sa tabarau, kuma kada ka kai hannu fuska sai ka wanke.

Shuɗin haske

Fitilun tankin murjani shuɗi ne ya fi yawa a cikinsu, domin gansakukar da ke zaune cikin naman murjanin, wadda ke samar masa da yawancin abincinsa, tana amfani da shuɗin haske sosai. Akwai kuma sinadaran furotin a fatarsa da ke shan shuɗi su mayar da kore, ko ruwan lemo, ko ja mai ƙyalli. Irin wannan furotin, na kore, Osamu Shimomura ne ya fara gano shi a jikin wata halittar teku mai suna Aequorea victoria a 1962, kuma aikin ya kai shi ga kyautar Nobel a 2008 tare da Martin Chalfie da Roger Tsien. Wannan ƙyallin shi kake son kamawa.

Matsalar ita ce idonka yana sabawa da shuɗin, ƙwaƙwalwa ta rage shi, kyamara kuwa ba ta yi. Yawancin kyamarori saitin launin haskensu yana tsayawa ne a Kelbin 10,000 (ma'aunin launin haske ne, yawan lamba yawan shuɗi), fitilar tanki kuwa takan kai 14,000 zuwa 20,000, wani lokaci ma ta wuce abin da za a auna da wannan ma'auni. Shi ya sa hoton ke fitowa shuɗi ɗaya, babu bambanci tsakanin dutse da dabba.

Hanyoyi uku ne, kuma ana iya haɗa su. Ta farko, in fitilarka ana sarrafa ta, rage shuɗi ka ƙara fari na 'yan mintunan ɗauka. Kada ka ɗaga ƙarfin hasken gaba ɗaya zuwa ƙarshe ka bar shi, murjanin da bai saba ba yana iya ƙonewa ya yi fari. Da ka gama, mayar da ita tsarinta. Ta biyu, ɗauka a RAW. A manhajar gyaran hoto ta Lightroom, hoton RAW ana iya jan ma'aunin launinsa har 50,000, abin da JPEG, hoton da kyamara ta riga ta sarrafa, ba zai ba ka ba. Za ka iya sa ɗan farin roba cikin ruwan a inda murjanin yake, ka ɗauke shi sau ɗaya, daga baya ka nuna wa manhajar cewa wannan shi ne fari. Ta uku, filta ruwan lemo ko rawaya a bakin ido, wadda ke tare yawancin shuɗin ta bar ƙyallin ya wuce. Ita ce mafita idan kana son ɗauka a ƙarƙashin shuɗi zalla. Tana cin haske, don haka ƙafar kyamara ta ƙara zama dole.

Ni na fi son ta farko haɗe da ta biyu, domin launin da suke bayarwa ya fi kusa da abin da baƙo zai gani in ya tsaya gaban tankin da rana. Filta tana fitar da ƙyalli mai ban mamaki, amma takan sa yashi da dutse su yi ja-ja.

Filasha kuwa, kada ka harba ta daga kan kyamara, gilashi zai dawo maka da ita. Ko an ɗora ta a sama, farin haskenta yakan danne ƙyallin, murjanin ya fito ruwan ƙasa. Bar ta sai ranar ɗaukar kifi.

Tsayar da ruwa, saita kyamara

Sai komai ya zauna sannan ka kashe injinan kaɗa ruwa da famfon da ke dawo da ruwa daga tankin ƙasa, wato tankin tace ruwa da ke ƙarƙashin babban. Duba cewa tankin ƙasan zai ɗauki ruwan da zai sauko masa. Jira minti biyu ko uku kumfa ta tashi, yatsun su daina rawa. Sa ƙararrawa a wayarka ta minti goma zuwa sha biyar. Ruwan da ba ya motsi iskarsa raguwa take, kuma mutum in ya nutse cikin ɗauka mantawa yake. Yawancin injinan zamani suna da maɓallin ciyarwa da ke tsayar da su su kuma tashi da kansu; yi amfani da shi. In ba ka gama ba, kunna, ka huta, ka sake.

Sa kyamarar a M, ka riƙe komai da hannunka. Ƙofar haske ka fara da f/8 zuwa f/11 (yawan lambar, ƙanƙantar ƙofar). A girman 1:1, faɗin wurin da ke fitowa tas a f/11 bai kai milimita ɗaya da rabi ba, wato bakin folif zai iya fitowa yatsunsa su ɓace. Za ka so ka matse zuwa f/22 don ƙara faɗin, amma daga f/16 zuwa sama hoton gaba ɗaya laushi yake fara yi. ISO, wato ma'aunin saurin jin haske na kyamara, ka bar shi tsakanin 100 da 400 in murjanin mai tauri ne da ba ya motsi, irin Acropora ko Montipora, ka bar ƙiftawar kyamara, wato lokacin da take buɗewa haske ya shiga, ta yi jinkiri yadda take so, ko da kwata na daƙiƙa ne. Masu dogayen yatsu irin Euphyllia da Goniopora ba su tsayawa cak ko ruwa ya tsaya; su sai 1/125 na daƙiƙa ko mafi sauri, ka ɗaga ISO zuwa 800 ko 1600. Xenia ma da kanta take buɗewa tana rufewa, sai ka lura da bugunta ka danna lokacin da ta buɗe. Hoto mai ɗan yashi-yashi ana gyara shi, wanda ya girgiza ba shi da magani.

Kada ka danna maɓalli da yatsa. Sa jinkirin daƙiƙa biyu ko ka harba daga waya. Kashe abin hana girgiza na idon tunda yana kan ƙafa. Kada kowa ya yi tafiya kusa in daɓen na katako ne.

Buɗe jadawalin haske mai nuna ja, kore da shuɗi dabam-dabam. Shuɗin ne ke fara cika ya tumbatsa alhali hoton a allo yana kama da lafiyayye. In ya manne a ƙarshen dama, rage haske kaɗan. In kuma ka ga ratsi-ratsi masu duhu a kwance cikin hoton, fitilar ce ke ƙiftawa da saurin da ido ba ya gani, domin haka ake rage ƙarfin yawancin fitilun LED. Koma ƙiftawar inji maimakon ta lantarki mai shiru, ko ka rage saurin zuwa 1/60 ko ƙasa.

Fokas

Kashe fokas na atomatik. Zai yi ta kama gilashi ko ɓurɓushin ruwa. Kunna allon baya, ƙara girman wurin da kake so sau goma, ka juya zoben a hankali har bakin folif ɗin da ya fi kusa da tsakiyar hoton ya fito tar. Baki shi ne inda idon mai kallo ke sauka. Zaɓi folif ɗaya ya zama shi ne maganar hoton, sauran su bi bayansa. Duba bayan kuma: wayar hita, bakin famfo, ko kusurwar tanki suna ɓata hoto mai kyau, kuma matsawa santimita biyu yakan kawar da su.

In kana son reshe ya fito tas daga gaba har baya, ɗauki hotuna da yawa, goma ko ashirin ko fiye, kana matsar da fokas kaɗan-kaɗan daga wuri mafi kusa zuwa mafi nisa, ba ka taɓa komai ba. Manhajoji irin Helicon Focus, Zerene Stacker ko Photoshop za su haɗe su su zama ɗaya. Wasu kyamarorin suna yin matsarwar da kansu. Wannan dabara ta masu tauri ce. Mai yatsu masu motsi zai fito da inuwa biyu-biyu.

Daga sama, da dare, da waya

Murjani hasken sama yake fuskanta, don haka mafi kyawun launinsa a sama yake. Ana sayar da ɗan akwati mai gilashi a gindi wanda ake tsoma shi kaɗan a saman ruwa, a leƙa da kyamara ta ciki. Yana kawar da rawar saman ruwa da ƙyallin fitila. Rataya igiyar kyamara a wuyanka ko ka naɗe ta a hannu, ruwan gishiri ba ya yafe wa na'ura. Lura kada kanka ya tare hasken. A lokacin hunturu ƙura takan kwanta a saman ruwa da zarar famfo ya tsaya. Shimfiɗa takardar goge hannu marar turare a kai ka ɗaga, za ta kwashe ta.

Awa ɗaya ko biyu bayan fitilu sun mutu, tankin wani abu yake zama. Nau'o'in da ke rufe da rana suna fito da yatsun cin abinci, Galaxea takan miƙa dogaye masu harbi don korar maƙwabta. Ɗigon ruwan da aka narkar da abincinsu a ciki yana sa su buɗe da wuri. Haska da ƙaramar tocila daga sama ko gefe, ka yi sauri, domin wasu suna janyewa da sun ji haske.

Mai waya kaɗai ma kada ya karaya. Idon makro na waya yana son nisan santimita kaɗan, gilashi ba zai bari ba, don haka yi amfani da idon jawo nesa na 2x ko 3x in akwai. Manna wayar a gilashi, maƙala filta ruwan lemo, shiga saitin Pro, zaɓi RAW in tana da shi, danna ka kulle fokas, ka ja haske ƙasa kaɗan.

Gyara, da abin da hoton zai yi maka

Fara da daidaita fari, sannan haske, sannan ka share ɗige-ɗigen datti. Yi gyaran kana kallon tankin in zai yiwu. Ma'aunin ƙarfin launi shi ne wurin jarraba. Masu sayar da murjani da yawa suna jan shi har dabbar ta fito da launin da ba ta da shi, mai saye ya biya kuɗi mai yawa, kaya su iso ya ga wani abu dabam. Wannan algus ne, ko a hoto aka yi shi. In za ka nuna wa wani hoton domin ciniki, faɗa masa a wane haske aka ɗauka da ko an sa filta.

Kafin ka goge hotunan da ba su yi kyau ba, buɗe su ka ƙara girma ka duba gindin rassa da ƙarƙashin gefuna. Ƙwarin nan ja-ja da ke damun Acropora, Tegastes acroporanus, kusan rabin milimita ne. Tsutsa mai faɗi da ke cin naman Acropora launin murjanin take ɗauka, amma tabon cizonta da tarin ƙwanta a gindin reshe suna fitowa a hoton kusa. Haka 'yan fararen dodon-koɗi marasa kwanso da ke cin Montipora. Sau da yawa hoto ne ke fara nuna su kafin ido.

Don haka ka zaɓi murjani uku ko huɗu ka riƙa ɗaukarsu duk wata, daga wuri ɗaya, a haske ɗaya, da saiti ɗaya. Manna ɗan salatif a ƙasa inda ƙafafun kyamarar suke tsayawa, ka rubuta saitin a takarda ka ajiye kusa da tankin. Sa kwanan wata a sunan kowane hoto, tare da zafin ruwa da awon gishirin ranar, wanda ya kamata ya zauna wajen 1.025 zuwa 1.026. Idan launi ya fara kodewa ko nama ya fara janyewa daga gindi, jera hoton wannan wata da na watan jiya ka duba me ka canza a tsakani.